Shekarar da Baba Ya Dafa wa Kifi Miyar Kuka

Da Baba ya yi ritaya daga aikin ruwa, zaman gida ya gagare shi. Sai ya sa aka haƙa masa rami a gonarmu ta gefen Tiga, ya ja ruwa, ya zuba 'ya'yan karfasa da tarwaɗa. Ni a lokacin na gama kwaleji ina jiran aikin koyarwa, don haka a idona aka yi komai.

Baba yana da taubashi, ɗan goggonsa, muna ce masa Baffa. Shi ma yana kiwon kifi can wajen Kiru, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba. Wata rana ya zo a kan mashin ɗinsa, ya tsaya bakin ramin, ya leƙa ruwan nan garai-garai.

"Wannan na alwala ne ko na kifi?" in ji shi. "Ai kifi sai ruwa ya ɗan yi kore yake ƙiba. Ni kashin kaji nake ɗan watsawa."

Baba ya ji "kashin kaji", amma "ɗan" ɗin nan ta wuce ta bayan kunnensa. Ya share akurkin Inna tas, ya bi na maƙwabta, sannan ya juye ragowar takin zamanin tumatir a kai, wai don kifinsa ya ninka na Baffa.

Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum, ruwan kuma ba shiga ba fita. Kafin a ankara ya yi kore, ya ƙara kore, ya yi kauri har da kumfa a gefe. Ranar da Inna ta kai masa abinci gona, ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Malam, miyar kukar ta yi. Tuwo kawai ya rage."

Da safe sai mu ga kifayen sun taso sama suna ta buɗe baki. Na ce, "Baba, anya lafiya suke?"

"Gaishe ni suke yi. Sun san mai ciyar da su."

Inna ta ce, "To, ka amsa musu mana, kada su ce kana da girman kai."

Daga nan aka yi 'yan kwanaki hadari yana haɗuwa ba ruwa, ga cida, ko ganye ba ya motsi. Wata safiya muka tarar da karfasa sun juyo da fararen cikkunansu sama, sun rufe ramin. Baba ya zagaya ramin yana kallonsu. Gaskiya na tausaya masa. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Kada wanda ya gaya wa mutumin Kiru."

Ashe Inna ta riga ta buga masa waya.

Da hantsi sai ga Baffa da injin ban ruwa ɗaure a bayan mashin. Ya sauka a natse, ya durƙusa gaban Baba, ya marairaice murya.

"Ya muka ji da haƙuri? Ashe rashi aka yi har na dangi guda."

Baba ya rarumi sanda, Baffa ya zagaya bayan Inna yana dariya. Da ƙyar aka fara aiki. Baffa yana haɗa tiyo yana faɗa: koren abin nan taki ne abincinsa, rana ce ƙarfinsa. In ya yi yawa sai ya shanye iskar cikin ruwa, in ya mutu ya ruɓe kuma ya ƙarasa sauran. Tarwaɗa kuwa ta tsira ne don ita tana iya leƙowa ta shaƙi ta sama.

Muka kwashe matattun muka binne. Koren ruwan aka zuƙe shi aka sake shi cikin masarar rani da ke gangare, aka zuba sabo.

To, masarar nan ta yi kyaun da ba a taɓa gani ba a gonar. Nan Baba ya samu bakin magana. Duk wanda ya tsaya yabawa sai ya ce ai dabara ce, da ma takin ruwa yake haɗawa. Har Kiru ya je da buhun masara guda, ya dire a ƙofar Baffa.

Baffa ya sa aka gasa, ya ci, ya ci, ya suɗe yatsa. Ya ce tana ɗan ƙarnin kifi, amma a ƙaro masa.