Tifar da Ta Tafi da Ƙanena

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da wata likitar ƙwaƙwalwa ta zo Lafia ba, zamanin soja, muna ƙarƙashin Jihar Filato. Da ana maido da jiya, da na miƙe a taron nan na buɗe baki. Ban buɗe ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni tela ne. Ina da ƙane kafinta wanda taɓin hankali ya kama. Bai taɓa dukan kowa ba. Da safe ya tafi tasha yana gyara wa mata masu doya teburansu, da yamma ya dawo gida wurin mahaifiyarmu.

Sai aka ce za a turo tawaga ta duba inda ya kamata a kai ma'aikatan lafiya da magani, kuma wannan likita ce ke jagoranta. Ba mu taɓa jin mace a irin aikin ba. Manyan gari suka kafa kwamitin tarba. Ni na ɗinka musu anko, shi ya sa aka ba ni kujera.

Da safen ranar wata mai doya ta tare ni. "Oga tela, ɗan'uwanka ya shiga tifa fa. An kwashe masu taɓin hankali duka kamar shara."

Na sami shugaban kwamiti, wani attajiri, yana gyara hula. Ya ce, "Haba malam, so kake baƙi su ga tsirara a titi? Hanyar garin Obi kawai aka kai su shan iska. Baƙi na tafiya a dawo da su." Na ce, "To, Alhaji." Abin da na iya faɗi ke nan.

A zauren taro likitar ta ce, "Na bi kasuwa, na bi tasha, ban ga mai taɓin hankali ko ɗaya ba. Ina naku?"

Alhaji ya yi dariya. "Ranki ya daɗe, mu nan ba mu da su. Gini muke so, mai bene."

Aka tafa. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ba gini ta kawo ba. So take a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon, a ajiye magani kusa, mutum ya warke a cikin danginsa. Ta ce, "Amma ba a yi wa wanda aka ɓoye tsari. Shugaban da ke jin kunyar marasa lafiyarsa, baƙi yake yi wa aiki. Duk mai irin wannan majinyaci a gida, ya ɗaga hannu kawai."

Na san mutanen da ke zauren nan. Na san wanda ya ɗaure ɗansa da mari a ƙuryar gida, ga shi zaune cikin ankon da na ɗinka. Kowa tsoro yake kada a ce akwai hauka a gidansa, a fasa auren 'ya'yansa. Ni ma an kawo kayan auren 'yata. Hannuna bai bar cinyata ba.

Da ba wanda ya ɗaga hannu, ta ce, "Ban yarda ba, amma abin da kuka faɗa shi zan kai." Ma'aikata da magani suka tafi garuruwan da suka faɗi gaskiya.

Tifa kuwa ba ta koma ɗauko su ba, yashi ta tafi ɗauka. Da na je wa Alhaji cewa ya yi, "Ai sun san hanya." Mutumin da ya sa aka zubar da 'ya'yan mutane a daji, ko tashi daga tabarma bai yi ba. Na hau keke na bi ƙauyukan hanyar Obi ɗaya bayan ɗaya. A nan a ce an ga mai kama da shi, a can a ce ya wuce. Ban same shi ba har yau.

Mahaifiyarmu ba ta zage ni ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Da matar ta tambaya, kana wurin?"

Ina roƙonku, in mai niyyar taimako ya tambayi ciwon gidanku, ku faɗa masa, ko wane babban mutum ke hararar ku. Kada ku bari uwa ta yi muku tambayar da aka yi mini.