Digirorin Mai Hange

Mai Hange ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya saya masa shi. Tun yana ajin ƙarshe a sakandare ba ya rufe magana bai ce wa abokansa, "Ku matsalarku rashin hangen nesa" ba. Suna kuwa ya bi shi har yau da furfura ta ci rabin kansa. Yana amsawa da fara'a, don har kwanan baya bai taɓa zargin cewa akwai dariya a ciki ba.

Kai dai yana da shi, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Sakamakonsa ya yi kyau ta yadda duk fannin da ya nufa a jami'a za a buɗe masa ƙofa. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya zauna ya tambayi kansa me yake so. A ganinsa wannan tambayar 'ya'yan masu kuɗi ce. Ɗan talaka ba ya tambayar me yake so, tambayarsa ita ce ina ake samu.

Amsar kuma tana fake a ƙofar gidan maƙwabcinsu. Ɗan gidan ma'aikacin banki ne, yakan zo gaida iyaye cikin farar mota, ya fito yana gyara lakatayi, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Mai Hange ya dubi motar nan, ya dubi takalmin mutumin, ya shiga gida ya sanar cewa harkar banki zai karanta.

Yayansa, wanda ya gaji shagon kayan gini na mahaifinsu, ya ce, "Kai da lissafi ke sa wa ciwon kai?"

"Yaya, ba lissafi zan je yi ba, kuɗi zan je yi."

Ya yi shekarunsa yana haɗiye darussa kamar maɗaci. Ya fita da sakamako mai kyau, aka ɗau hoto da doguwar riga da hula mai tuntu. Sai dai kafin tawadar takardar digirin ta bushe, bankuna suka fara haɗiye juna, ana sallamar ma'aikata kamar ana kakkaɓe tabarma. Ɗan maƙwabcin ya dawo gidan ubansa da zama, babu mota, babu turare, sai lakatayin da ƙannensa suka mayar igiyar ɗaure kwali.

Duk da haka Mai Hange ya sami gurbi a wani banki, aikin kwantiragi. A tunaninsa za a ba shi tebur da kujera mai juyawa. Aka ba shi jaka da katin wuya, aka ce ya shiga gari ya nemo masu ajiya. Haka ya riƙa bin shaguna cikin baƙar kwat, rana na dafa shi, yana yi wa masu sayar da bokiti murmushi, yana roƙonsu su buɗe asusu. Har shagon Yaya ya je.

"Ranka ya daɗe manaja," in ji Yaya, "zauna ka sha ruwa, kwat ɗinka na ɗiga."

Da ya kasa cika adadin da aka yanka masa, aka karɓe katin wuyan aka yi masa fatan alheri.

Wani da ya ga haka sai ya ja birki ya yi tunani. Mai Hange tunani ya yi, amma irin nasa. Ya gano cewa kuskurensa ɗaya ne, bai hango da nisa sosai ba. Duniya ta koma kwamfuta. Ya koma makaranta ya yi difloma, ya sayar da filin gadonsa ya buɗe shagon shiga intanet, da kwamfutoci jere da fanka a kan kowace. A nan ne ya yi aure, yana ce wa amarya ta kwantar da hankalinta, ta auri gobe. Shagon ya yi kasuwa na ɗan lokaci. Daga nan intanet ta shiga wayar kowa, har mai gadin layin ya daina leƙowa. Kwamfutocin suka zauna suna kallon juna, gizo-gizo ya yi musu labule. A ƙarshe wani mai aski ya karɓi shagon, ya ce a bar masa fankokin.

Sai man fetur. Kowa ya san inda mai yake nan kuɗi suke kwana. Ya yi digiri na biyu a kan sarrafa harkar man fetur da iskar gas, a garin da man da ya fi kusa da shi shi ne na gidan mai. Yana kare kundinsa farashi ya faɗi a duniya, kamfanoni suka rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata. Sai ƙungiyoyin agaji, masu fararen motoci da doguwar eriya. Ya yi kwas na tafiyar da ayyukan tallafi, ya koyi furta manyan kalmomi yana jujjuya hannu. Ranar da ya kai takardunsa ofishinsu ya tarar ana loda kujeru a babbar mota, wa'adin aikin ya ƙare.

Duk wannan lokacin matarsa ce ke riƙe da gidan da albashinta na ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a asibiti. Mace ce marar yawan magana, amma idan ta yi ɗaya sai an kwana ana jin ta. Bangon falonsu ya cika da takardun shaida cikin gilashi, sama da ƙasa, har agogo aka cire don a sami wuri. Wata rana tana goge su ta ce, "Baban yara, da a ce ana dafa waɗannan, da unguwar nan babu mai kwana da yunwa."

Bangon nan ne dai ya ba shi aiki. Wata makarantar sakandare mai zaman kanta tana neman jami'in ba ɗalibai shawara kan zaɓen fanni. Shugabar makarantar ta buɗe fayil ɗinsa, tana buɗawa yana ƙara kauri, ta cire tabarau ta ce, "Malam, kai ai babu fannin da ba ka shiga ba." Ta ɗauka yabo take yi. Shi ma haka ya ɗauka.

Aka ba shi ɗakin da a da ake ajiye tsintsiya da karyayyun kujeru, a ƙarƙashin bene, taga ɗaya mai kallon tankin ruwa. Ya share, ya kafa allo, ya rubuta sana'o'i daga sama zuwa ƙasa gwargwadon samunsu. Koyarwa ya sa a can ƙasa, daf da inda allon ya ɓantare.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, a ɗakin tsintsiyar nan ya fara jin daɗin aiki a rayuwarsa. Yana da baki, yana da labari, yara kuma suna sonsa. Idan ya fara bayani sai ɗakin ya cika har taga, ana dariya, ana tambaya, a buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Yakan tashi da safe da ɗoki, abin da bai san shi ba a banki. Amma idan aka tambaye shi a wurin taro me yake yi yanzu, sai ya gyara murya ya ce, "Ina ɗan taimaka wa wata cibiyar ilimi da shawarwari, kafin wani abu da nake jira ya faɗo." Ya fi son a ce masa marar aiki mai jira da a ce masa malamin makaranta.

Kuma shawararsa ɗaya ce ga kowa. Yaro ya zo ya ce yana son zane, ya ce masa zane ba ya sayen buhun abinci. Yarinya ta ce tana son tarihi, ya ce matattu ba sa biyan albashi. Ya nuna musu saman allo da sanda ya ce, "Ku dubi nan. So na zuwa daga baya, idan aljihu ya yi nauyi."

A unguwa ma ya zama abin nema. Duk wanda ɗansa ya gama sakandare sai ya kawo shi gidan Mai Hange da yamma. A shimfiɗa tabarma, ya yi bayani mai tsawo, uban yaro na gyaɗa kai, a yi godiya a tafi. Mai Hange ya riƙa cewa matarsa, "Kin gani? Gari ya fara gane darajar ilimi." Ita kuwa sai ta ce, "Uhm," ta ci gaba da abin da take yi.

Asiri ya tonu ne a kan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta gado kansa ba ta gado bakinsa ba. Tana da ƙawa kurma tun suna yara, a wurinta ta koyi maganar hannu har ta fi wasu malamai. Da ta gama sakandare ta same shi a falo ta ce, "Baba, fannin koyar da kurame nake so."

Ya ajiye kofin shayinsa. "Me?"

"Koyar da yara kurame, Baba."

"Koyarwar ma ba ta ishe ki ba, sai ta waɗanda ko kin yi kukan albashi ba za su ji ba? Wa kika taɓa gani ya gina gida da maganar hannu? Ke, duniya ta koma nazarin bayanai da na'ura mai tunani. Can za ki. Na hango."

Auta ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Daidai nan Yaya ya yi sallama, ya zo karɓar tsaninsa da aka ara. Da ya ji abin da ake ciki sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To ai shi ke nan, yarinya ta huta. Tunda ka ce na'ura, sai ta yi kuramenta."

"Kamar yaya, Yaya?"

Matar Mai Hange ta yi wa Yaya ido, amma ya riga ya taka. "Au, ba ka sani ba? Kai a zatonka me mutane ke zuwa yi tabarmarka? Zuwa suke su ji inda ka nuna, su san inda ba za su tura 'ya'yansu ba. Mai kemis ya ce kai ne ka ceci ɗansa. Ka ce masa mai, ya kai shi aikin gona."

Mai Hange ya dubi matarsa. Ba ta musa ba, ta dai sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi.

"Ke ma kin sani?"

"Baban yara, kowa ya sani. Ni dai na ga kana jin daɗin zuwansu ne."

Wannan ta fi ta Yaya zafi. Ya tashi ya fita, ya yi ta tafiya a bakin titi ba tare da ya nufi ko'ina ba. Ya tuna duk gyaɗa kan da aka yi masa a tabarmar nan, da godiyar da ya riƙa amsawa da "ba komai, yi wa kai ne." Kwana biyu ba ya cin abincin kirki, ba ya yi wa kowa magana. A makaranta ma ya rufe ƙofa ya ce yana da aiki, yara suka yi ta ƙwanƙwasawa suka gaji.

A rana ta uku ya kira Auta. Ba ya kallonta ya ce, "Je ki yi abin da kike so. Amma ki sani, ba da shawarata ba."

Daga kicin matarsa ta ce, "Alhamdu lillahi."

Auta ta yi karatunta ta gama, ta sami aiki a wata makarantar kurame a bayan tashar mota. Albashin kamar yadda ya faɗa ne, a wannan karon hangensa bai kuskure ba, kuma ba ya barin wata ya wuce bai tuna mata ba. Takalminta ɗaya na fita, motar haya take bi. Sai dai tana dawowa gida da labari a baki, hannuwanta na zuba maganar kurame tun kafin ta zauna.

Wata rana ya kai mata takardar da ta manta. Ya tsaya a bakin taga ya ga aji cike, babu sauti ko kaɗan, amma yara na ta ƙyaƙyata dariya da kafaɗa, Auta a gaba tana zuba bayani da yatsu da gira. Ya daɗe a tsaye. Ya san wannan yanayin, irin na ɗakinsa ne na ƙarƙashin bene idan magana ta yi daɗi. Da ta fito ta tambaye shi yaya ya gani, ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, sai ya ce, "Rufin ajin nan na yoyo. Ki duba ko akwai wata makarantar da ta fi biya."

Yanzu tabarmar yamma ta naɗe, don ya daina karɓar baƙi. A makaranta ya sake buɗe ƙofa, ɗakin na cika kamar da. Shugabar ta yi masa tayin zama mataimakinta, ya ce ta ba shi lokaci, ba ya son ya ɗaure kansa, akwai abin da yake jira. Shekarun ritayarsa sun kusa. Kwanan nan ya yi rajistar wani kwas ta waya a kan kuɗin intanet da ake kira kirifto, yana bi a lokacin hutun rabin rana, da tabarau a kan hanci da biro a bayan kunne. Matarsa ta auna bangon falo da idonta ta ce masa wuri ya ƙare, takardar wannan kwas sai dai a rataye ta a baranda.