Hapsatou, Wadda Ta Maido wa Ladani Numfashinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Hapsatou, matar Alhaji Bouba, a wani asibiti a Paris, bayan jinyar da ba ta so a yi ta zancenta ba. Labarin ya iske ni cikin farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, domin a makon ne aka haifa mini jikata ta fari. Har yau dariya da hawaye tare suke zo mini. Ƴata Hapsatou, akwai saƙon da na yi alkawarin kawo miki, ban samu faɗa miki da baki ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san ta ba, ƴar Garwa ce, ma'aikaciyar jinya. Ta yi shekaru a Paris tana koyon yoga a hannun wata tsohuwa Ba'indiya, musamman fannin numfashi, kafin aure ya kawo ta Lyon. Kowace Asabar da hantsi takan tara mu, tsofaffin unguwar Minguettes, a zauren unguwa, maza gefe guda, mata gefe guda.

Ni ne ladanin ɗan masallacinmu da ke ƙasan bene. Aikin fenti da gugar bango ya ci huhuna, korona ta zo ta ƙara. Wata la'asar na kai tsakiyar kira, tari ya sarƙe ni, wani ya tashi daga sahu ya ƙarasa. Daga ranar na ajiye. Amma abin da ya fi ci mini rai daban ne. A gidanmu, tun Damagaram, kaka ne ke yi wa jariri kiran salla a kunne. Ƴar cikina Saadatou ta daɗe da aure a Stains, nan gefen Paris, ba ta samu haihuwa ba. Ina roƙon Allah Ya ba ta, ina kuma tsoron ranar ta zo in kasa.

Hapsatou, likitana ne ya tura ni wurinki. Ba ki bar ni na zauna a tabarma ba sai da kika ga duk magungunan da nake sha. Na ce ki koya mini riƙe numfashi mai tsawo, irin wanda na gani a waya. Kika ce, "Baba Ladan, da wannan hawan jinin naka? Ba a ajina ba. Kai ba shigar iska ke ba ka wahala ba, fitarta ce. Kana korar ta kamar baƙon da ya ci maka tuwo." Sai kika sa ni fitar da iska a hankali ta tsukakken baki, kamar mai hura koko. Raina ya ɓaci, na ga kamar wasan yara ne. Na daɗe ina yin wannan kaɗai kafin ki ƙara mini wani abu.

Abin da kika ƙara shi ya jawo mini ba'a. Mu rufe baki, mu fitar da numfashi da sauti irin na kudan zuma. Aminina Alhaji Daouda ya leƙo ta taga, ya bi unguwa yana cewa, "Ku zo ku ga Ladan, ya bar kiran salla ya koma amya!" Wasu kuma ba da wasa suka ɗauka ba, suka ce addinin wasu kike shigo mana da shi. Ba ki yi fushi ba. Kika je kika gaishe da liman, kika roƙe shi ya zo ya zauna ya gani da idonsa. Ya zauna har aka tashi. Kika ce masa, "Malam, ba na sa kowa ya furta kalmar da bai san ma'anarta ba. Hanci da huhu nake koyarwa." Asabar ta gaba sai ga Alhaji Daouda da tabarmarsa, wai ya zo ne ya tsare mini imani.

Shi ne kuma ya ba mu dariyar da ba za mu manta ba. Kin koya mana wanke hanci da wata ƴar buta, ruwa ya shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta ɗayar. Kin nanata cewa ruwan a tafasa shi, a bari ya huce ya zama ɗumi, a sa ɗan gishiri. Daouda ya ce ai shi tun yana yaro yake shaƙa ruwa a alwala, babu mai koya masa. Ya je gida ya cika butar alwala da ruwan famfo mai sanyi, ya ɗura. Ya zo mana ido jawur, yana rantsuwa ƙwaƙwalwarsa ta daskare. Kika yi dariya har kika dafa bango, sannan kika ɗaure fuska kika sa shi ya haɗa ruwan a gabanki. Da azumi ya zo kika hana mu yi da rana. Da wani ya tambaye ki hanyoyin wanke ciki masu tsanani da ya ji labari, kika ce waɗannan ba a yin su sai gaban gwani, ke kuwa ba ki kai nan ba.

Kin sha gaya mana cewa abin da malamarki ta fara koya miki shi ne kada ka cutar da mai rai, kuma mai ran da ya fi kusa da kai shi ne jikinka. Ni da na yi rayuwata ina tilasta wa jikina, wannan magana ta zauna mini.

Da lokacin kaka ya shigo kika daina zuwa, aka ce kin tafi Paris jinya. A lokacin Saadatou na da ciki. Na aika miki saƙon murya da albishir, kika maido mini, muryarki tana yankewa kamar tawa ta dā: "Barka, Baba. Kada ka ja da ƙarfi, kunnen jariri ƙarami ne. In ka yi, ka kira ni."

Ranar Litinin Saadatou ta haihu. Na hau jirgin ƙasa, na isa da yamma. Aka miƙo mini yarinya cikin farin zane. Na tsaya, na fitar da iska a hankali, na sunkuya. Hapsatou, na yi. Daga kabbarar farko har kalmar shahada ta ƙarshe, ban yi tari ba, ban yanke ba, babu wanda ya karɓa mini. Yarinyar ta buɗe ido ɗaya ta dube ni. Sunanta Hibatullah.

Washegari na kira wayarki, ina shirin in zo asibitinku da dabino, tunda gari ɗaya muke. Alhaji Bouba ne ya ɗauka. Da hannun da na riƙe jikata na ɗauki makararki.

Ya Allah, baiwarKa Hapsatou ta sauƙaƙa wa bayinKa numfashi, Ka sauƙaƙa mata kwanciyar kabari. Ka gafarta mata, Ka yalwata makwancinta, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Alhaji Bouba, Allah Ya ba ka haƙuri. Yasmine da Afra, Allah Ya raya ku bisa tarbiyyar mahaifiyarku. Ƙofata a buɗe take gare ku kamar ta kakanku. Ina miƙa ta'aziyya ga dangi na Garwa da na Paris, da ƴan ajinmu na Asabar. In namu ya zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Malam Salifu Ladan
Minguettes, Lyon