Agwagwa Ɗaya a Gadon Amarya

Ina dawowa daga ɗakin ibada na ga wani mutum a rumfar Tsoho Fang mai tsoffin gadaje, a kasuwarmu ta Ningbo. Tumbi ya rinjayi wando, gashi ya sha baƙin rini, yana ƙwanƙwasa allon gadon amarya da zobensa kamar mai zaɓen kankana. A jikin allon an sassaƙa agwagwa cikin furen bado, an shafe ta da ruwan zinariya.

"'Yata zan aurar," yake faɗa da ƙarfi don kasuwa ta ji. "A saman gadonta zan kafa shi."

Kowa ya san bibbiyu ake sassaƙa agwagin nan, miji da mata, don aure ya ɗore. Wannan ita kaɗai ce, ga sawun zarto inda Fang ya raba allon biyu.

Na ce, "Maigida, ina mijinta?"

"Haba Goggo, zinariyar ake kallo!"

Da gani arziki ya same shi bayan uwarsa ta rasu, babu mai kwaɓarsa. Ya rungumi allon yana taƙama.

Gobe zan kunna wa yarinyar turare a ɗakin ibada, in yi mata addu'a. Shekarata goma sha ɗaya ina kwana ni kaɗai, ba na yi wa 'yar kowa fatan haka.