Ƙanzon da Inna Vernell Ta Ɗauka a Hoto

Shekara talatin da ɗaya, kowace Talata da hantsi, Vernell Gaither kan shiga kicin ɗin gidan kula da tsofaffi na unguwarmu a birnin Memphis na Amurka, ta kashe fitilar sama, ta ja tebur bakin taga. Ita ke ɗaukar hotunan abincin da ake nuna wa tsofaffin da magana ta ƙwace musu, domin su zaɓa da yatsa. Hasken gefe take so, wanda ke fito da kowace tsaga da kowane ɓurɓushi.

Na daɗe ina ɗaukar aikinta ado kawai, da girman kan mai sabon digiri, har shanyewar ɓarin jiki ta kawo kakana Cleotis gidan. Kwana huɗu yana kau da kai daga faranti. Likita ta ce idan Juma'a ta yi bai ci ba, za a zura masa robar abinci ta hanci.

A Talatar makon nan Darnell mai girki ya yanko wa Inna Vernell tsakiyar burodin masara, sumul kamar sabulu.

"Inna, ga mai kyau. Gefen ya yi ƙanzo, na tsuntsaye ne."

"Kai da aka yaye da burodin leda, me ka sani? Miƙo kaskon. Kuma matsar da ƙaton kan nan, ka tare min rana."

Da hannu ta ɓalli gefen, ba da wuƙa ba. Ta ɗora man shanu, ta jira har ya fara gangarawa cikin ramukan, sannan ta ɗauka.

Ni na kai wa Kaka hoton. Ya daɗe yana kallo, sai ya sa farce yana kankarar takardar daidai kan ƙanzon. Da la'asar aka jiƙa masa gefen burodin a nono, yadda ya saba sha tun a gona. Ya karɓi cokali bakwai. Juma'a ta wuce, ba a kawo robar ba.

Ke ce, Inna Vernell, mai sa ido ya tauna kafin haƙori. Babu hoto ɗaya da ke ɗauke da sunanki, kuma ba ki taɓa nema ba. Yanzu da hannunki ya fara rawa kin ajiye kyamara, mun gode, ni da tsohon da har yau yake cin abinci da bakinsa.

Masu tasowa a sana'ar, ku je gidanta ku zauna ku koya tun tana da ƙarfin yi muku faɗa.