Jan Waken da Inna Ta Yi Sadaka da Shi

Shekarar da sojoji suka koma bariki, mutane suna ta zancen mulki, ni kuwa ina fama da wake. Ina aiki a wata cibiyar binciken noma can bayan Ƙofar Kabuga, kuma abin da aka ɗora mini shi ne neman irin waken da ƙuduji ba ya iya kashewa. Ƙuduji wani ɗan tsiro ne da ke manne wa saiwar wake a ƙarƙashin ƙasa yana tsotse ta, kafin manomi ya gan shi a sama ya gama ɓarna. Damina bayan damina muna shuka, muna tonowa, muna duba saiwa, har muka samu wani iri ƙanana mai kaushin fata da ya ƙi ba da kai. Ina son waken nan fiye da yadda ya kamata mace mai hankali ta so wake. 'Yan gidanmu a Yakasai har suna tambayata ko ya kawo gaisuwar iyaye.

Da sabuwar gwamnati ta zauna, sai aka ce mu kwashe kayanmu daga siton cibiyar, za a zuba taki da irin shuka da zaɓaɓɓu za su raba wa jama'a. Na yi faɗa, na rubuta takarda, ba wanda ya kula ni. Don haushi na ɗauko rabin buhun wakena na kawo gida. Kafin nan na riga na gauraya shi da jan garin maganin ƙwari, yadda ake yi wa duk irin da za a shuka. Maganin guba ne, jan launin kuwa gargaɗi ne ga wanda ya san ma'anarsa. Na rubuta a jikin buhun da manyan baƙaƙe cewa ba na ci ba ne. Da Turanci na rubuta, yadda muke yi a wurin aiki, na jingina shi a ɗakin ajiyar Inna, mahaifiyata, kusa da geronta. Inna kuwa ta sauke Alƙur'ani, tana karanta wasiƙar ajami tiryan-tiryan, amma boko ko sunanta ba ta ganewa. Na san haka tun ina yarinya, ranar ce dai ilimina ya tafi kiwo.

Abin da ban sani ba shi ne Inna ta yi bakance. Ta ga juyin mulki iri-iri, ta ga lokacin da ake rufe ƙofa tun da rana, don haka ta yi wa Allah alkawari: in aka miƙa mulki lafiya, za ta ciyar da gida uku. Sadakarta kuma tana da tsari. Da kanta take fita bayan sallar asuba, ta ajiye ƙunshi a zauren gidan da ta nufa, ta juyo ba wanda ya gan ta.

Ranar wata Juma'a da hantsi na shiga ɗakin ajiya, na ga bakin buhuna a ɗaure da wani ƙulli da ba nawa ba. Na ɗaga, ya yi sauƙi.

"Inna, wa ya taɓa waken nan?"

"Ni ce. Kwano uku na ɗiba, zan mayar miki da wanda ya fi shi girma. Wannan naki duk ya tsumbure."

"Ba ki ga ja a jikinsa ba?"

"Na gani mana. Na ce ko haka naku na bincike yake fitowa."

Na gaya mata guba ce, ko an wanke ba a tabbatar ta fita ba, yaro ƙarami zai iya mutuwa. Ta yi salati a hankali, ta zauna a kan turmi. Na ce ta faɗa mini gidajen in ruga. Sai ta girgiza kai.

"Ke 'yar nan, mutanen da na rufa wa asiri, in aike ki da farar rigar aikinki ki tsaya musu a ƙofa? Gobe duk unguwa ta san wa ke kwana da yunwa."

Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, har yau kuma ina jin kunyarsa. Ita ba ta biye mini ba. Sai ta ce in je wurin limamin masallacin unguwa, a yi shela a lasifika: duk wanda ke da jan wake kada ya dafa, ya aiko da shi rumfar masallaci, ba za a tambayi daga wane gida ya fito ba. Na yarda dabararta ta fi tawa.

Liman dattijo ne mai son jin dalilin komai. Sai da ya tambaye ni me ya sa ake sa wa abinci guba da gangan, na yi masa bayani a tsaye, sannan ya sa ladan ya yi shelar har sau uku. Aka shimfiɗa mini tabarma a rumfa, na zauna ina jiran ƙunshi uku.

Kafin azahar abin da ke gabana ya fi ƙarfin tabarmar. Leda, kwalla, ƙullin ɗankwali, har da wani a cikin hular kwano, duk jan wake. Da na zuba ido sai na ga ba nawa ba ne. Wannan manya ne, masu santsi, farare a ƙarƙashin jan garin. Duk da tsoron da nake ciki, sai na tsinci kaina ina juya ƙwaya a tafin hannu ina son sanin asalinta. Wani mai gyaran keke da ya kawo nasa ya warware mini.

"Malama, ai na rabon godiya ne. Wanda muka zaɓa ya aiko wa kowane gida."

"Kana da gona?"

Ya yi dariya. "A nan cikin badala, tsakiyar birni? Ko wurin shanya ba mu da shi. Uwargida ta wanke sau biyu ta yi alala da rabi. Yaran dai sun yi ciwon ciki, muka ce ko ruwa ne."

Nan na gane inda irin da ya kore ni daga sito ya tafi. An lissafa rabo da yawan masu ƙuri'a, aka manta da tambayar wa ke noma. Ledojin da ya zo a ciki ma suna da gargaɗi, da Turanci, ƙanana kamar tururuwa. Na so in yi fushi da waɗanda suka yi haka, sai na tuna buhuna, na fasa. Liman ya aika a kira ma'aikacin lafiya na unguwa ya bi gidajen da aka riga aka ci. Daga baya na rubuta wa wani kwamiti cewa a riƙa buga gargaɗin da Hausa, boko da ajami, da hoton da kowa zai gane. Suka amsa cewa shawarar tana kan teburi. Ban san tsawon teburin nan ba.

Ni dai a ranar nawa nake nema. Waken da na yi shekaru ina kallo ba ya ɓace mini, ko cikin dubu zan tsamo shi. Na sami ƙunshi ɗaya, can na sami na biyu, duka da ƙullin Inna. Aka tafi masallacin Juma'a aka dawo, na uku bai zo ba.

Na koma gida na ce, "Saura ɗaya." Inna ba ta tambaye ni wanne ba. Ta ɗauki mayafinta.

"Ba za ta ji shela ba, can unguwar Madabo take. Taho, amma bakinki ya tsaya a zaure."

Tun kafin mu isa na gane gidan. Gidan aminiyarta ne, Hajiya, wadda iyayenta suka zo daga Barno tun da daɗewa. Tare suka yi makarantar allo. Mijinta babban ɗan kasuwa ne a da, a gidansu na fara ganin firji, kuma ita ke haɗa mana turaren wuta. Bayan rasuwarsa abubuwa suka ja baya, amma ba ka taɓa ganin haka a jikinta. Kullum tsaf, da ƙamshi, ga jikoki marayu tana riƙo. Ko a mafarki ban zaci tana cikin gidajen Inna ba.

Ban tsaya a zaure ba, na leƙa. Hajiya na zaune a tsakar gida, gabanta roba, ta jiƙa waken tana murza shi don ƙosan yamma. Ruwan ya yi ja-ja. Jikokin suna zagaye da ita suna jira.

Ta yi fara'a. "Lale, yau Juma'ar tawa ce. Kin gan ni, wani ɗan'uwanmu ya aiko mana da wake daga ƙauye."

Na ga Inna ta tsaya. Da za ta iya cewa an yi shela a gari kan jan wake, ta tsira da sirrinta. Amma ta san aminiyarta: za ta ce nata daga ƙauye yake, ta ƙara wankewa, ta soya bayan mun tafi. Inna ta durƙusa, ta kama bakin robar da hannu biyu.

"Ba daga ƙauye yake ba, Hajiya. Ni na ajiye shi a zaurenki da asuba. Akwai guba a jikinsa, ban sani ba. Ki yafe mini."

Hajiya ta daɗe tana kallonta, hannunta na ɗigar ruwa. "Na watan jiya ma ke ce? Da geron azumi?"

Inna ta sunkuyar da kai. Hajiya ta tashi, ta wanke hannu da sabulu, ta ce, "An gode, Allah Ya ba da lada," da irin muryar da ake yi wa baƙo. Ta shige ɗaki ta saki labule. Ni na ɗauko robar a ka har gida, na haƙa rami na binne.

Waken da ya rage na shuka shi a daminar, ya yi kyau, ƙuduji bai taɓa shi ba. Hajiya kuwa ba ta ƙara tako gidanmu ba. Suna gaisawa a wurin biki ko rasuwa, gaisuwa mai kyau, gajera. Tabarmar da Inna ke shimfiɗa mata duk yammacin Laraba ta ci gaba da shimfiɗa ta kusan shekara, sannan ta daina. Na taɓa ce mata laifina ne, ta bar ni in je in ba da haƙuri. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Bar ta ta yi fushinta," ta ce. "Jiya na hango babban jikan nata zai tafi makaranta. Har ya fi ki tsawo."