Ɗinkin da Baba Bai Gani Ba

A wurin aiki Allura suke ce mata, saboda hannunta. 'Yar tela ce, a gindin keken babanta ta koyi zura zare, sai ga shi ta ƙare a ɗakin gwaje-gwaje tana ɗinka wayoyin da suka fi gashin kai siranta. Tana haɗa su ne a jikin wani faifai mai faɗin tafin hannu, wanda ake sanyayawa fiye da kowace ƙanƙara, har lantarki ya riƙa ratsa shi babu tangarɗa. A cikin wannan sanyi ne faifan ke jin hasken da ya rage tun farkon sararin samaniya, har ya gane ta inda hasken ya karkata.

Ba a shiga ɗakin sai da farar riga da hula da safar hannu. Numfashi ma sai ta bayan takunkumi. Amma akwai tagar gilashi a baranda, inda baƙi ke leƙe.

"'Yar nan, yaushe za ki kai ni in ga ɗinkin naki?" Baba kan tambaye ta.

"Baba, ɗan ƙara haƙuri. Na yanzu akwai gyara, na gaba zai fi."

To, mutanen ɗakin nan ciwonsu ɗaya: aiki ba ya kammaluwa a hannunsu. Wannan faifan ya cika ɗaukar ɗumi, wancan waya biyu sun ƙi aiki. Allura kuwa ta fi kowa kamuwa. Kunya take ji a ce tsohon da ke warware riga saboda karkacewar ɗinki ɗaya ya ga aikinta da aibi. Ana nan ana "na gaba zai fi", ciwon sukari ya tafi da idon Baba.

Da abin ya dame ta, ta roƙi wani faifai da aka daina amfani da shi, ta kai gida, ta ɗora masa a tafi. Ya daɗe yana shafawa da babban yatsa, yadda yake duba bakin aljihu. Tana kallo yatsan na kwantar da wayoyin, ba ta hana shi ba.

"Ina ɗinkin?"

"Kana kansa, Baba."

"Ban ji komai ba." Ya yi 'yar dariya. "Ai haka na koya miki. Da dai na gani."

Nadama ta kama ta. Faifan da ke hannunsa shi ne wanda ta hana shi gani tun idonsa garau, saboda waya biyu.